Awon Jini a Littafin Tela

Zuwa ga ƙanena, Auta,

"Yaya, kafin cikin nan ya shiga wata bakwai ina gida, ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba." Maganarka ce. A tsakar falona ka faɗe ta, jaka a kafaɗarka, mai tasi yana ta danna hon a waje, matarka tana tsaye bayan kujera tana naɗe tef ɗin awo a yatsanta tana warwarewa. Ba wanda ya tambaye ka, kai ka ga dama ka faɗa. Yau Litinin, cikin yana da sati talatin da uku da kwana huɗu. Ka fi ni lissafi, sai ka mayar da shi watanni ka gani.

Na sa wannan a gaba ne don na san yadda kake karanta saƙo, layin farko da na ƙarshe, sauran ka ce sai ka samu sarari. To ga gaisuwar da ta kamata ta riga shi. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, Allah ya ƙara maka basira, ya sa karatun nan ya amfane ka ya amfani mutane. Mu nan lafiya, sai abin da zan faɗa maka. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, yanzu tana takawa har bakin ƙofa ta zauna tana gyara wa masu wucewa tarbiyya. Kawu ya sake ɓatar da tabaransa, an kwana biyu ana nema, ashe yana cikin aljihun rigar da ke jikinsa. Maigidana tun da ya yi ritaya ya koma gyaran tsofaffin rediyoyi, yanzu muna da guda biyar, ba wadda take magana. Na zaɓi in rubuto ne domin duk lokacin da na kira ka sai ka ce, Yaya bari in kira ki, hannuna yana cikin safar aiki. Takarda ba a katse ta. Zan ɗauki hoton shafukan in tura maka, har da wasu shafuka da ba ni na rubuta ba.

Ka san an kwantar da matarka a asibiti tun ranar Alhamis. Abin da ba ka tsaya ka ji ba shi ne yadda aka yi. Da na fara faɗa maka a waya, ka ce jinin mutane da yawa yakan hau da zarar sun ga farar rigar asibiti, kuma kana da awonta na wata biyu a gabanka, lafiya ƙalau. Na tuna zanen nan da ka turo wa 'yan gida, layi shuɗi a miƙe sambal kamar an ja shi da rula. Ni kaina na tura wa Goggo shi ina alfahari. Da zanen nan ka ɗage zuwanka sau uku.

Ranar Laraba da la'asar na biya shagonta zan karɓi rigata. Ka san shagon, ɗan ɗakin nan mai taga ɗaya, yadudduka a jere har rufi, keken ɗinki a ƙarƙashin taga, madubin da ya tsage a gefe. Rana ta shigo ta kwanta a kan teburin yanka, zare yana yawo a cikin hasken a hankali. Na same ta a sunkuye da tsintsiya tana share ƙasa, ga silifas ɗinka a ƙafarta don nata sun daina shiga. Ƙasar tas take, ko tsinke babu. Na ce ƙanwata me kike sharewa? Ta ce 'yan ƙyalƙyalin da ake liƙa wa riga ne suka zube, tun safe take share su suna dawowa. Ta nuna mini su da tsintsiya, nan da can da bakin ƙofa, tana murmushi, wai har sun yi mata kyau. Auta, babu komai a wurin. A cikin idonta suke.

Na zaunar da ita, na ɗauki littafin awonta don in yi mata fifita da shi, sai ya buɗe. Ka san tela ba ya yar da awo. Tsakanin ƙugun wata da kafaɗar wata sai ga lambobi a jere, biyu-biyu, kowace rana da kwanan watanta. Wata rana layi huɗu, wata rana bakwai. Na saman ɗari da hamsin da shida bisa ɗari da biyu, suna sauka a hankali, na ƙasan ɗari da ashirin da takwas bisa tamanin da biyu, an ja masa layi da jan alli. Wanda aka ja wa layi shi ne naka. Na tambaye ta, ta ce ai kai ka koya mata. Ranar da ka sayo mata na'urar awon jini ka ce idan ta auna ta ga ya hau, ta huta minti biyar ta sake. To ta huta ta sake. Idan bai yi ba ta kuma. Har ta gano da kanta cewa idan ta kwanta ta gefen hagu ta ɗora hannun dama a kan filo biyu, lambar tana saukowa. Ba ƙarya ta yi maka ba, a ganinta. Ta ce idan ɗinki ya karkace ba a ba mai kaya haka, farkewa ake yi a sake har sai ya zauna, sannan a miƙa. Shekara goma sha biyu tana aiki a haka, sai ta yi wa jininta abin da take yi wa wuyan riga. Ta ƙara da cewa kana da jarrabawa a gabanka, me zai sa ta tura maka abin da zai hana ka barci. A zaune na auna ta, hannu a kan tebur. Ɗari da sittin da biyu bisa ɗari da takwas. Likitar da muka gani a daren farko ba ta bar mu mun koma gida ba, washegari aka ba ta gado a ɗakin masu ciki.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Nawa na gani, don na ga ƙafar nan tana kumbura na ce kowane ciki da kumburinsa, na ga zoben aurenta ya koma sarƙar wuya ban tambaya ba. Amma kai fa? Shekara nawa kana zaune da lambobi? Ni mai jera littattafai ce kawai, amma na san jinin mai rai ba ya tafiya a miƙe wata biyu. Da ɗalibi ne ya kawo maka layi mai kyau haka, da ka ce ya je ya kawo takardar da ya fara rubutawa a kai. Wannan kuwa ka karɓa hannu bibbiyu, saboda abin da kake so ka ji ke nan.

Tun da ka fara binciken nan naka a kan mabiyiya nake tara abin da ka wallafa. Ban taɓa faɗa maka ba don kada kanka ya ƙara girma. Shekara ashirin da biyu ina ɗakin karatun nan, na san lokacin da yake yin shiru, bayan azahar, ɗalibai sun kifa kai a kan tebur, fanka tana juyawa kamar ba ta so. Lokacin nake fito da takardunka da ƙamus. Na karanta su layi-layi, wasu sau uku. Ga abin da na fahimta, ka gyara mini in na yi kuskure. Mabiyiya a watannin farko cikin ƙarancin iska take girma, da gangan, hanyoyin jinin uwa a toshe, abin yana kwance a wuri mai duhu da natsuwa. Wajen wata na uku sai hanyoyin su buɗe, jini ya shigo da oksijin. Ashe iskar da ke raya mu ita ma tana ƙuna idan ta zo wa abin da bai shirya ba. Shi ya sa mabiyiya take da waɗannan sinadarai da kuke kira enzayim, ni dai na ɗauke su kamar masu shara, suna bin bayan iskar suna kwashe ɓarnar da ta bari. Idan hanyoyin sun faɗaɗa yadda ya kamata, jini yana zuwa a hankali kamar ruwan rafi. Idan ba su faɗaɗa ba, sai ya riƙa zuwa kamar famfon da ke tari, ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, mabiyiya ta shaƙe ta farfaɗo ta sake shaƙewa, masu shara su gaji. Daga nan sai ta fara zuba abubuwa cikin jinin uwa, jijiyoyin uwa su tsuke, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon abin da bai kamata ya fita a fitsari ba. In aka yi sake, ƙarshensa jijjiga.

Wallahi Auta, rubutunka yana da kyau. Akwai ranar da na rufe takardar na daɗe ina kallon bishiyar da ke bayan taga, ina tunanin kowannenmu ya taɓa zama a irin wannan wuri, ana auna masa iska kaɗan-kaɗan kamar magani, bai sani ba. Na yi tunanin Mama tana ɗauke da kai, tana ta hidimarta, a cikinta ana wannan aiki shiru, ba wanda ya duba, aka kuma yi sa'a. Na ji daɗi ƙwarai a ranar cewa ƙanena ne yake leƙa wannan wuri. Ban san wata rana zan zauna da takardar nan a cinyata kusa da gadon matarka ina duba alamomin ɗaya bayan ɗaya ina samun su ba.

Ɗakin da take gado shida ne, nata na kusa da taga. Labulen kore ne da ya koɗe, iska tana ɗaga shi ta sake. Nakan zo da rana bayan na tashi aiki in zauna har magariba. Akwai nas ɗin da muke kira Mai Agogo, saboda agogon da take maƙalawa a ƙirji, ita ke zuwa awo duk bayan awa huɗu. Ranar farko matarka ta roƙe ta ta bari ta gyara kwanciya a sake, Mai Agogo ta ce a nan ba a taya awo, yadda ya zo haka ake saye. Duk ɗakin aka yi dariya har da ita. Idan aka ɗora mata na'urar sauraron zuciyar jariri sai kowa ya yi tsit. Matarka ta ce sautin kamar ana taka keke a shagon maƙwabta, ɗinki mai tsawo, ba tsayawa. Maganin da ake sa mata a ruwa don tare jijjiga yana sa ta jin zafi a jiki da nauyin ido, sai ta riƙa magana tsakanin barci da farke. Tana lissafa rigunan da ba ta gama ba. Tana tambaya ko a inda kake yanzu safiya ce.

Ni ma jiya gyangyaɗi ya ɗauke ni a kujerar. Na ga wata bishiya ja a ƙarƙashin ruwa, rassanta suna lilo, ruwan yana janyewa yana dawowa. Can gefe na gan ka a bayan gilashi, cikin akwatin nan da ka taɓa turo mana hotonsa, mai safar hannu biyu baƙaƙe a rataye, wanda ka ce a ciki kuke rage wa guntayen mabiyiya iska ku ga abin da za su yi. Hannunka yana ciki har kafaɗa, kana juya wani ƙaramin faranti a hankali, fuskarka a sake kamar ta mai jin waƙa. Na ƙwanƙwasa gilashin ba ka ɗago ba. Na farka na ga ashe gefen gadon ƙarfe nake bugawa da zobe, matarka tana kallona tana cewa Yaya lafiya?

Yanzu ga inda ake. Babbar likita, mace ce mai gilashi a kan hanci da ba ta ɓata kalma, ta zaunar da mu ranar Asabar. Ta ce magani yana riƙe jinin amma da ƙyar. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna raguwa kaɗan-kaɗan a kowane gwaji. Jaririn ya rage girma, ruwan da yake ciki ma ya ragu. An riga an yi allurai biyun da ke ƙarfafa huhunsa. Ta ce ranar Alhamis ciki zai cika sati talatin da huɗu, kuma daga nan ba ta ga ribar jira ba, tana so a ciro shi da safe. Idan abu ya rikice kafin nan, ba za ta jira kowa ba. Aka miƙa wa matarka takardar sa hannu. Ta riƙe biron kamar za ta rubuta, sai ta ajiye shi a kan bargo ta ce, "Ya ce mini kowace rana ɗaya a ciki ta fi sati a kwalba. Shi ya san aikin nan. Sai ya ce in yarda."

Na san ka faɗa mata haka, kuma na san lokacin da ka faɗa gaskiya ne, ciki yana wata shida, kana kallon layinka shuɗi. Amma ita ta riƙe maganar kamar aya. Na lallashe ta, Mama ta sa aka kawo ta a mota ta yi nata, likita ta sake dawowa jiya. Amsa ɗaya ce. Yarinyar nan da ba ta taɓa musa wa kowa ba, yau ta kafe, kuma da ƙaunarka ta kafe. Tana ganin idan ta sa hannu ta gaza, ta miƙa maka aikin da bai ƙarasa ba.

Sai ga saƙonka na jiya. Na ɗauka ranar isowarka ce. Ashe likita ka aiko wa, ita ce ta kira ni ofis ta juyo mini da wayarta. Shafi biyu, a tsare, da lambobi a gefe. Idan an haihu, a ɗauki mabiyiyar kafin minti talatin, a yanko daga wurare huɗu, kada a kusanci gefe, a wanke, a sa a sanyi mai tsanani, za ka aiko da yadda za a kai maka. Har da godiya a ƙasa. Likitar ta dube ni ta saman gilashinta ta tambaya ko maigidan ya san abin da ake ciki kuwa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan minti ba. Ka samu lokacin tsara yadda za a yanka naman, ba ka samu na duba jirgi ba. Na san uzurinka, ka sha faɗa, wannan ne rukunin ƙarshe na guntayen mabiyiyar da kake gwaji a kansu, kullum sai an canja musu ruwa, idan ka bar su aikin wata takwas ya lalace. Na yarda. Amma akwai masu hannu a wurin nan ban da kai, wannan abokin aikin naka mai dogon wuya da ke cikin kowane hoto, ai ba ado aka ajiye shi ba. Kuma bari in faɗa maka abin da nake zargi, tunda ni na goya ka. Ba aikin ne ya riƙe ka ba, tsoro ne. Ka san ciwon nan fiye da mu duka, ka san inda yake kaiwa, sai ya fi maka sauƙi ka kalle shi ta bayan gilashi. Ban raina tsoronka ba. Ni ma da shi nake tashi. Bambancin kawai, ni ina zuwa da nawa in zauna a kujerar roba.

Mama tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ba ta fushi, wanda ka san ma'anarsa. Kawu da Goggo suna gaisuwa, maigidana yana gaisuwa, yara suna tambayar Kawu Auta. Surukarka ta iso jiya, tana gaishe ka da mutunci fiye da yadda ka cancanta. Ka gaida malaminka, ka gaida mai gidan da kake haya da iyalinsa, Allah ya saka musu da alheri. Matarka ba ta san ina rubuta wannan ba. Da ta sani da ta ce in cire rabi.

Shafukan littafinta suna biye da wannan, guda tara. Ka karanta lambobin sama, ba na ƙasa ba. Na ba ka zuwa azahar ɗin Laraba, agogonmu ba naku ba. Abin da na fi so shi ne in ɗago kai in gan ka a bakin ƙofar ɗakin nan. Idan jirgi bai samu ba, ka cire safar nan, ka kira ta ta yadda za ta ga fuskarka, ka ce mata lokaci ya yi, ta yi ƙoƙari, ta sa hannu. Kalma ba ta fi goma ba.

Idan azahar ta wuce shiru, zan ja kujera kusa da kanta in fito da takardarka ta bara. A shafin farko ka rubuta cewa har yau ciwon nan ba shi da maganin da ke raba mace da shi sai fitar da mabiyiya. Ban taɓa karanta mata wannan layi ba. Zan fassara mata shi kalma-kalma, in nuna mata sunanka a sama, in faɗa mata cewa ka ga awonta na gaskiya tun ranar Litinin. Za ta sa hannu, na tabbata, tunda maganarka ce. Mabiyiyar kuwa tata ce, ita za a tambaya, ni ba zan roƙa maka ko ƙwayar tsoka ba. Ranar Alhamis da safe ina bakin ɗakin tiyata in Allah ya yarda. Amma ka sani, daga ranar za ta san cewa ka sani ka yi shiru, kuma wannan ba ni da yadda zan yi in gyara maka shi. Na fi so ta ji daga bakinka.

Allah ya raba su lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Ni ce yayarka,
wadda har yanzu take jiranka.